Kwanakin da Motar Baba Ta Ƙi Shiga Giya

Lokacin da nake yarinya garinmu bai riga ya bayar da sunansa ba. Abuja ake kiransa, ba Suleja ba, kuma in ka tsaya a ƙofar gidanmu da ke gefen gari, ta hanyar Madalla, sai ka gaji da jira kafin mota ta wuce. Cikin 'yan motocin da ake da su, ɗaya ta mahaifina ce, wata akori-kura ruwan toka da yake ɗauko doya da ita daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Tun tana kwanar masallaci nake gane kukanta, in ruga in buɗe masa ƙyauren kara.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce mai wutar gidan. Da damina, in an gama tuwon dare, ba ta bari a kashe murhu. Takan ja kujerarta 'yar tsugunno kusa da garwashi, ta tura masara cikin toka, mu kuma yaran gida da na maƙwabta mu kewaye ta muna tari saboda hayaƙin ɗanyen itace. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa zai ara mini kunne?" Mu ce, "Ga biyu nan, Kaka." Ta ce, "Ban da na Asabe, nata a toshe suke." Ni ce Asabe, kuma ba sharri ta yi mini ba. Duk unguwar an san ni da taurin kai.

Ina kusan shekara tara Baba ya rasu, a farkon damina, bayan wani ɗan gajeren ciwon ciki da ba wanda ya ɗauka zai kai shi ƙasa. Aka tura motarsa gindin mangwaron tsakar gida, aka lulluɓe ta da tamfal. Ba wanda ya hana a taɓa ta, amma ba wanda ya iya. Ruwa ya yi ta sauka a kanta, ciyawa ta fito ta kewaye tayoyin, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin fakewa. Inna, mahaifiyata, ta shiga takaba, tana ɗaki da ƙanena Ilu da bai daina shan nono ba. Ni kuwa na koma ɗakin Kaka da kwana, wai don Inna ta sami sarari.

Damina na shirin ɗaukewa takaba ta ƙare. Sai ga Kawu Isa, yayan Inna, ya iso daga Kontagora da farar rigarsa da jakarsa. Ba a ɓoye mini abin da ya kawo shi ba, Kaka ba ta yi wa yaro ƙarya a kan irin wannan. Ta zaunar da ni ta ce Inna za ta koma gidan iyayenta, kamar yadda ake yi. Ilu zai bi ta saboda nono. Ni kuwa 'yar gidan nan ce, a nan zan zauna. Na tambaye ta ko Kontagora ta kai Tafa nisa. Ta ce ta fi, nesa ba kusa ba. Na shige bayan rumbu na yi kuka har muryata ta dushe.

Kawu Isa ya so su bi motar haya washegari. A nan ne Kaka ta tubure. Ta ce, "Malam Isa, ka yi haƙuri. Matar ɗana ba za ta bar gidan nan a bayan motar haya ba, tsakanin buhuna da kwandon kaji. A motar mijinta aka kawo ta, a cikinta za a mayar da ita." Kawu ya sunkuyar da kai, don ba a musu da tsohuwar da ta binne ɗa. Ta aika aka kira Baffa Audu, yayan Baba, wanda ya shekara da shekaru yana tuƙa babbar mota zuwa Kaduna. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, Direba take ce masa. Suka yi magana a ɗaki su biyu.

Da safe ya yaye tamfal, ya kori kaji, ya kawo batir daga motarsa ya ɗaura. Injin ya yi tari ya yi tari, sannan ya kama. Da na ji kukan nan sai ƙafafuna suka nufi ƙyaure da kansu, kafin in tuna ba wanda zan buɗe wa. Baffa ya bar ta ta yi zafi, ya taka kuloci har ƙasa, ya tura giya. Sai ta yi wani irin ƙara, kamar ana niƙa tsakuwa, ta ƙi shiga. Ya sake, ta sake. Ya kashe inji, ya gwada, giya ta shige lafiya lau. Ya murza makulli tana cikin giya, ƙafarsa na kan kuloci, sai motar ta yi tsalle gaba har ta kusa dukan mangwaro.

Kawu Isa ya ja da baya yana kare rigarsa. Ya ce, "Lafiya, Malam Audu?"

Baffa ya ce, "Kuloci ne ba ya saki. In ka taka shi, ya kamata ya raba inji da taya, ka samu ka sa giya. To wannan ko ka taka, a haɗe suke."

"Babban aiki ne?"

"Sai an duba. Abin nan ba a yi masa gaggawa, daga ƙarami ake farawa."

Ni dai abin da na ɗauka a maganar shi ne yau ba tafiya. Na ji wani daɗi ya cika mini ciki, irin wanda rabona da shi tun Baba na da rai.

Daga ranar na tare a gindin mangwaro. Baffa ya fara da mai. Ya buɗe 'yar kwalbar da ke gaban inji, ya leƙa, ya ce man kuloci ya yi ƙasa, kuma wanda ake sayarwa a tasha ba ya yarda da shi, sai gobe zai samo mai kyau. Washegari ya zuba, ya gwada, giya ta yi ƙararta. Sai ya ce wataƙila iska ce ta shiga bututu, kuma fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota da sifana, ya sa Kawu Isa, mutumin da ɗinki ne sana'arsa, ya hau kujerar direba. Baffa yana kira daga ƙasa, "Taka! Taka! Riƙe!" Sai ya kwance wata 'yar ƙusa, mai ya tsarto, ya ɗaure, ya ce, "Saki!" Haka suka wuni, Kawu yana gumi yana cewa cinyarsa ta mutu, keken ɗinki ma bai taɓa wahalar da shi haka ba. Da la'asar aka gwada, ta ƙi.

Ina zaune a kan saiwar mangwaro ina addu'a a zuci, duk surar da na iya sai da na karanta, ina roƙon Allah kada giyar nan ta shiga. Duk sanda Baffa ya kai hannu kan sandar giya, sai in ƙura masa ido. In ta yi ƙara, in gode wa Allah. Ban yarda in matsa ko nan da can ba, gani nake in na ɗauke ido za ta gyaru a bayana.

Bayan iska sai Baffa ya kwance masta, wato abin da ke tura man in an taka, ya fito da wata 'yar roba baƙa ya ɗaga ta a rana yana juyawa. Ya ce ta gaji, kuma babu irinta a garin nan, sai an yi saƙo Kaduna. Kawu Isa ya yi salati, ya ce ya baro ɗinkin mutane. Baffa ya ba shi haƙuri. Ko da aka shiga jiran roba ban bar gindin mangwaro ba, ina tsaron hanya, ina tsoron duk motar da ta rage gudu a ƙofarmu.

A cikin kwanakin nan ne Inna ta leƙo da hantsi ta kira ni. Ta ce, "Asabe, zo in tsefe miki kan nan, ya yi tsufa." Na ce ina zuwa, ban je ba. Ta sake kira bayan azahar, na ce sai an jima. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai tsaya a bakin ƙofa da mataji a hannu, sannan ta koma ciki. Kaka tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago kai ba.

Da magariba ta wuce aka yi yayyafi, muka taru a madafi. Inna ma ta zo ta zauna a bakin ƙofa da Ilu a bayanta, abin da ba ta yi ba tun rasuwar. Kaka ta gyara itace ta ce, "Wa zai ara mini kunne?" Muka amsa. Ta ce, "Yau har na Asabe ina so."

Tatsuniyar wata yarinya ce marainiya, wadda shamuwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar gidansu. Shamuwar ta ɗauke ta kamar 'yarta. Tana kamo mata fara, in rana ta yi zafi ta buɗe mata fiffike, in ta yi kuka ta sauko ta tsaya kusa da ita har ta yi shiru. Amma shamuwa baƙuwar damina ce, in ruwa ya ɗauke akwai iskar da ke zuwa ta kwashe su duka. Yarinya ta ji labari cewa takalmin iskar nan ya tsinke, ta kai shi gyara wurin wata tsohuwa a gindin dutse. Sai ta ruga can ta faɗi gaban tsohuwa, ta ce don Allah kada ta ɗinka.

A nan Kaka ta shaƙe murya, ta koma ta tsohuwar. "'Yarinya, hana iska tafiya ba aikina ba ne, ko sarki bai isa ba. Amma hannun nan nawa ne. Ina iya ɗinki a hankali.'"

Tsohuwa ta cika alkawari. Yau ta ce allura ta ɓace, gobe ta ce zare ya yi gajere, jibi ta ce idonta na ruwa. Iska tana zaune ba takalmi, tana huci. Ita kuwa yarinya ta kasa barin ƙofar tsohuwa. Ta zauna tana kallon allura, kowane ɗinki sai gabanta ya faɗi, tana tambaya, "Saura da yawa? Saura da yawa?" Shamuwa tana can kan tsamiya da fara a baki, tana duban hanya. Ranar da zare ya kai ƙarshe, iska ta zura ƙafa ta tashi. Yarinya ta sheƙa gida, ta tarar da sheƙa ba kowa, sai gashi ɗaya fari a ƙasa.

Ni ce na fara magana, da fushi. Na ce, "Kaka, wannan ba ta da daɗi. Tsohuwar nan muguwa ce, ai da ta jefa takalmin a rijiya."

Kaka ta ciro masara daga toka tana hura ta. Ta ce, "Da ta jefa, iska za ta tafi ba takalmi. Tsohuwa ta ba ta abin da take da shi. Yarinyar ce ta je ta ɓarar da shi a ƙofar mutane." Sai ta ce wuta ta ƙoshi, kowa ya karɓi kunnensa. Yara suka watse. Na miƙe zan bi ta, ta ce, "Ɗakina yana yoyo yau. Je ki kwana wurin uwarki." Ɗakinta bai taɓa yoyo ba, Baba ne ya yi masa sabon kwano da hannunsa.

Na je. Na kwanta a bayan Inna, na sa hancina a zanenta mai ƙamshin man gyaɗa da hayaƙi, sai na ji bayanta yana rawa. Ashe kuka take yi ba sauti. Ban taɓa tunanin ita ma tana tsoron tafiyar ba, na ɗauka ni kaɗai ake yi wa.

Ban ƙara zama a gindin mangwaro ba. Da safe Inna ta tsefe mini kai, ta wanke, ta yi mini kitso ƙanana ƙanana da ya ɗauke mu wuni guda, kaina a kan cinyarta. Ta koya mini yadda ake kaɗa miyar kuka ba ta yi gudaji ba. Muka je rafi wanki tare, ta ba ni labarin ranar da Baba ya fara zuwa gidansu zance, ya rikice ya gaida ƙanwarta a madadinta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi. Robar Kaduna ta iso, aka sa, na ji ƙarar giya daga ɗaki, ban ko leƙa ba. Baffa ya ce yanzu kuma sai ya duba sandar da ke tura kuloci, ko ta yi sako-sako.

Haƙurin Kawu Isa ya ƙare wata ranar Laraba. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce ta gafarce shi, gobe za su bi motar haya, ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba. Kaka ta dubi Baffa, ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Direba, ka ji."

Washegari da sassafe Baffa ya tara samarin unguwa suka tura motar kan hanya. Ya tashe ta ta yi zafi, ya kashe, ya sa ta a giya, ya taka kuloci, ya murza makulli. Ta yi tsalle ta fizga gaba tana tangaɗi. Ya ba ta wuta, ya taka birki da ƙarfi, ya sake ba ta wuta, ya sake takawa. Sai muka ji wani abu ya yi ƙas a cikinta, kamar an fasa ƙwarya. Motar ta tsaya cak, inji yana ta kukansa. Ya sa giya ta shige ba ƙara. Ya ce tsatsa ce ta manne farantin kuloci da inji saboda daɗewa a tsaye cikin ruwa. Samari suka yi ta tafi.

Baffa ya dawo da motar tsakar gida, aka ɗaura gadon Inna da kwanukanta a baya. Ta durƙusa gaban Kaka, Kaka ta ɗago ta ta rungume. Inna ta shafa kitsona ta ce kada in bari ya tsufa. Ni na buɗe musu ƙyauren, kamar yadda na saba. Da yamma Kaka ta hura wuta, ta tura masara, ta buɗe baki za ta nemi aron kunne, maganar ta maƙale. Muka zauna har masarar ta ƙone.

Ban ƙara ganin Inna ba. An yi ta cewa za a kai ni in an yi hutu, kafin a kai ga haka saƙo ya zo cewa zazzaɓi ya ɗauke ta. Na daɗe ina jin ɗaci in na ga Baffa Audu, domin a idona shi ne mutumin da ya gyara motar.

Sai da na girma, na zama malamar makaranta, na sayi 'yar motata ta hannu, sannan na gane abin da aka yi a gidanmu. Na tafi karatu Zariya na bar ta a tsaye damina guda. Da na dawo na taka kuloci, giya ta yi mini ƙarar nan da ban taɓa mantawa ba. Na kira wani makaniki ɗan Filato da ke bakin layinmu, ina ta ba shi umarni kamar wata gwana: ya duba mai, ya fitar da iska, ya duba roba. Ya taka kulocin sau ɗaya, ya tambaye ni ko ta daɗe ba a tashe ta ba. Kafin shayin da na haɗa masa ya huce, ya fizge ta a kan layi, ta yi ƙas ta saki.

Ya ce, "Malama, in ƙafar kuloci tana da ƙarfinta, kuma mota ta sha damina a tsaye, ai ba sai an kwance komai ba. Tsatsa ce. Ko karen mota ya san wannan."

Na ce, "Tsohon direba fa? Zai iya yin fiye da mako yana neman matsalar?"

Ya yi dariya. "Sai dai in ba ya son motar ta tafi."

A ranar na je gidan Baffa. Kaka ta daɗe da rasuwa, shi ma ya tsufa, idonsa ya yi hazo, yana zaune a zaure da carbi. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce, "Baffa, motar Baba. Tun ranar farko ka sani, ko?"

Ya ja carbi. Sannan ya ce, "Iya ce ta ce in bi ta a hankali." Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. "Ta samu ta yi miki kitson?"

Na ce, "Ta yi, Baffa."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ban wahalar da Malam Isa a banza ba."

Na sha jin tatsuniyoyi a bakin Kaka, yawancinsu sun bi iska. Wannan ce ta zauna. Ina yarinya na ɗauke ta labarin tsohuwar da ta ƙi taimako. Yanzu na san tsohuwar tana zaune gabana tana hura masara, ta faɗa mini komai ƙarara, ni ce ban ji ba. Ba ta da ikon hana Inna tafiya, ba ta da ikon dawo da ɗanta. Abin da ke hannunta kwanaki ne 'yan kaɗan, ta karɓo mini su daga wurin mutum mai gaggawa, kuma da ta ga ina zubar da su a gindin mangwaro, ta kora ni ɗakin da ya kamata. Rabin da na ɓarar yana yi mini ciwo har yau. Rabin da ya rage kuwa, duk abin da na sani game da mahaifiyata a cikinsa yake: dariyarta, ƙamshin zanenta, nauyin hannunta a kaina.

Jikata takan yi ƙorafi wai kitsona yana cin lokaci, ƙanana ƙanana, a wuni ana abu ɗaya. Nakan ce mata ta kwantar da kanta ta yi shiru, haka aka koya mini.